Minti Biyu a Gaban Mai Jarrabawa: Turancin da Makarantun Kasuwanci na Waje Suke Nema

Ɗakin ƙarami ne: tebur ɗaya, kujeru biyu, da na'urar naɗar murya. Bayan 'yan tambayoyi kan gida da aiki, mai jarrabawa zai miƙo kati mai ɗauke da batu guda, a ce wata sana'a da ta taɓa burge mai amsawa, ko ranar da ya yanke wata shawara mai wuya. Za a ba shi abin rubutu da 'yar takarda da minti ɗaya ya tsara tunaninsa. Daga nan sai ya yi magana shi kaɗai har minti biyu, ba mai katse shi, ba kuma mai tallafa masa da kalma.

A nan ne matashin da ya shafe kusan shekara goma sha shida ana koya masa darussa da Turanci, har ya karɓi digirin akanta ko na tattalin arziki a Kano ko Zariya ko Sakkwato, yakan ji yawun bakinsa ya ƙafe tun bai ci rabin lokacin ba. Kalmomin suna nan a kansa. Ya sha rubuta su a takardar jarrabawa, ya kuma ci. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya buɗe baki ya jera su minti biyu cur a gaban baƙo. Wannan ɓangare na jarrabawar IELTS duka-duka minti 11 zuwa 14 ne, amma yakan bankaɗo giɓin da makarantunmu suka daɗe suna rufewa.

Kafin a kai ga shiri, akwai ƙorafin da kusan duk mai niyyar karatu a waje yake farawa da shi, kuma yana da hujja. Da Turanci ake mulki a Najeriya da Ghana, da shi ake shari'a, da shi ake karatu. Duk da haka jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa 'yan cikinsu gwajin Turanci ya ƙunshi Amurka da Ostareliya da Jamaika da Barbados da Guyana da wasunsu, ba ƙasar Afirka ko ɗaya. A shekarar 2022 wata ƙungiyar matasa mai suna Policy Shapers ta tattara sa hannun dubban mutane tana neman a gyara wannan. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta amsa da cewa sai an nuna shaidar mafi yawan 'yan ƙasa Turanci ne harshensu na farko. Ga batun kuɗi kuma. A farkon 2023 kuɗin zama IELTS a Najeriya bai kai naira dubu ɗari ba. Bayan an saki darajar naira a tsakiyar shekarar, kafin 2024 ta ƙare ya haura dubu ɗari biyu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Sakamakon kuma shekara biyu kawai yake aiki, ya mutu, a sake biya.

Wannan dokar ta shekara biyu tana da wuyar karewa ga mutumin da kullum da Turanci yake aiki a banki ko a aji. Amma gaskiya ɗaya ba ta soke ɗaya. Ɗalibin da ya fito daga ajin mutum ɗari biyu, inda malami ke karanto darasi ana kwafa, a haddace a mayar masa da abinsa ranar jarrabawa, bai samu horon da makarantar kasuwanci ta waje take ɗauka yana da shi ba. Ƙorafin yana nan daram, giɓin ma yana nan.

Aikin farko dai ba sayen littafi ba ne, bincike ne: ita makarantar da ake nema, me take so? Jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, galibi C6 ko sama, a madadin gwaji, wasu da sharaɗin kada sakamakon ya tsufa. Wasu jami'o'in, a Turai da Asiya, takardar shaida daga jami'ar da mutum ya gama cewa da Turanci aka koyar da shi ta wadatar da su. Tallafin karatu na Chevening ya daina neman shaidar Turanci da kansa, ya bar wa jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi. Akwai mutane da dama da suka biya kuɗin gwajin da ba a nema a wurinsu ba, don kawai ejan ya ce a yi, alhali amsar tana shafin jami'ar na intanet, a rubuce, kyauta.

Sai dai fannin kasuwanci ya fi wasu fannoni tsanani a nan. Yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu kan gudanarwa ko harkar kuɗi ko tallace-tallace a Birtaniya suna neman maki 6.5 a IELTS, da sharaɗin kada wani ɓangare ya gaza 6.0. Manyan makarantu sun fi haka: shirin MBA na Oxford yana neman 7.5, kuma kowane ɓangare ya kai 7.0. Wannan sharaɗi na biyu shi ke kayar da mutane. A ɗauki wanda ya samu 7.5 a saurare, 7.0 a karatu, 6.5 a magana, 5.5 a rubutu. In an haɗa an raba huɗu aka daidaita zuwa rabin maki mafi kusa, jimillarsa 6.5, daidai abin da aka nema. Zai yi murna, ya kira gida ya faɗa, sannan jami'a ta mayar masa da takardarsa saboda rubutun nan da ya gaza da rabin maki.

Gwaje-gwajen da ake zaɓa a cikinsu ba su da yawa. IELTS ta fara a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge ne suka mallake ta tare. Makinta daga 0 zuwa 9. TOEFL ta girme ta, tun 1964 ake yin ta, hukumar ETS ta Amurka ke shirya ta, kuma a cikinta makirfo mutum yake yi wa magana, ba ɗan Adam ba. PTE ta kamfanin Pearson kwamfuta ce ke ba da makinta, daga 10 zuwa 90. Gwajin Duolingo, wanda ya samu karɓuwa lokacin kullen korona a 2020, a gida ake yin sa cikin kimanin awa ɗaya, ya kuma fi sauran araha nesa ba kusa ba. Amma ba kowace makaranta ke karɓarsa ba, kuma yana buƙatar wuta da intanet da ba za su yanke ba, da ɗakin da ba mai shigowa, abubuwa uku da ba kowane gida ke iya lamunce su ba. A cikin IELTS ɗin ma akwai iri biyu, na karatu da na ƙaura ko aiki. Wanda ya yi rajistar na biyun alhali jami'a yake nema, kuɗinsa ya tafi. Wanda kuma za a fara yi wa kwas ɗin share fage ƙasa da matakin digiri a Birtaniya, nau'in da hukumar biza ta amince da shi ake nema a wurinsa.

Rubutu shi ne inda ya kamata mai shiri ya fi daɗewa. Alƙaluman da masu IELTS suke fitarwa sun sha nuna cewa a nan ne matsakaicin maki ya fi ƙasa a duniya baki ɗaya. Awa ɗaya ake bayarwa don aiki biyu. Na farko, aƙalla kalma 150 cikin kimanin minti 20: a ba mutum zanen alƙaluma ko jadawali, a ce ya bayyana abin da ya gani. Ga mai son karanta kasuwanci, wannan ai gidansa ne. Duk wanda ya tashi a Kantin Kwari ko Dawanau ya iya wannan aikin da Hausa tun yana yaro. Tambaye shi labarin masara, zai ce da kaka ta faɗi warwas, ta ɗan tsaya wata biyu, daga nan ta fara hawa a hankali, da damina ta kankama ta yi tashin gwauron zabi, gero kuwa bai bi ta ba sai daga baya. Ya fara da babban hoto, ya kawo kwatanci, ya bar ƙananan abubuwa. Abin da masu ba da maki suke nema ke nan, ba ƙari. Amma da an miƙa masa zanen da Turanci, sai ya koma ɗalibi mai tsoron kada ya bar wani abu, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana kwafewa, ko kuma ya shiga kawo dalilan da ba a tambaye shi ba, yana ɗora laifin tashin farashi a kan gwamnati alhali zanen bai ce komai kan haka ba.

Aiki na biyu ya ninka na farko nauyi a wajen maki: aƙalla kalma 250 cikin minti 40, kan wata tambaya irin ta ko ya kamata gwamnati ta tallafa wa ƙananan masana'antu, ko talla tana cutar da yara. Abubuwa huɗu ake dubawa: ko an amsa tambayar da aka yi, ko tunanin ya bi juna, yalwar kalmomi, da nahawu. A nan tarbiyyar da aka yi mana a sakandare takan zama cikas. An saba mana da cewa gwanin Turanci shi ne mai manyan kalmomi, wanda in ya yi magana sai an buɗe ƙamus. An kuma saba mana da doguwar shimfiɗa, a gaida shugaban taro da alƙalai da mai lura da lokaci kafin a taɓa batun. Mai ba da maki a IELTS so yake ya ga matsayin marubuci tun a sakin layi na farko, sannan kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya ya bi ta har ƙarshe da misali. Babbar kalmar da aka sa ba a muhallinta ba rage maki take yi. Haka jimlolin haddar da wasu cibiyoyin lesin suke raba wa ɗalibai, a ce a cusa su cikin kowace amsa: masu dubawa sun ga irinsu sau dubu, an kuma horar da su su gane su.

Akwai kuma Turancinmu na gida, wanda ya ishe mu a kasuwa da ofis amma ba ya wucewa a takardar. Mukan yi wa kalmomi irin su information da equipment da advice jam'i, su kuwa ba sa karɓarsa. Mukan yar da ƙananan kalmomin nan a da the, domin Hausa tana nuna sananne da baƙo ta wata hanya dabam, da wani ko wata, ko da ɗafa -n ko -r a ƙarshen suna. Irin wannan kuskure mutum ba ya ganin nasa. Shi ya sa rubutu goma da wani masani ya bi da jan biro ya fi hamsin da aka rubuta aka ajiye a jaka. Ma'aunin da ake ba da maki da shi ma ba sirri ba ne, yana shafukan masu jarrabawar, kowa na iya saukewa ya auna kansa.

Wani abu da ake yawan mantawa: masu zaɓar yin jarrabawar a kwamfuta, saboda sakamakonta kan fito cikin 'yan kwanaki maimakon kwana 13 na takarda, sukan dogara da cewa sun yi JAMB a kwamfuta. JAMB danna harafi ɗaya ne cikin huɗu. Buga kalma 400 cikin awa ɗaya, ga tunani ga gyara, wani aiki ne dabam ga wanda duk rubutunsa da babban yatsa yake yi a waya.

A ɓangaren magana, Bahaushe yana da abin da ya fi wasu da shi, yana kuma da inda harshensa ke ja masa baya. Kunnensa ya saba bambanta dogon wasali da gajere, kuma ba ya rikita namiji da mace, tunda shi da ita suna cikin harshensa. Arewa ta taɓa yin suna a lafazi: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, saboda daɗin Turancinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Matsalar tana cikin baƙaƙe. Hausa ba ta raba p da f. Sauti ɗaya gare ta, wanda ma yake sauya kama daga gari zuwa gari, har a Sakkwato da sassan Nijar a ji hwari a maimakon fari. Kalmomin da muka aro su ne shaida: fensir, fasfo, fasinja. Firamare ma ta nuna abu biyu a lokaci guda, p ta koma f, an kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Mai jarrabawa ba ruwansa da karin harshen mutum, ba a neman kowa ya koma Bature. Abin da yake aunawa shi ne ko ana gane maganar ba tare da wahala ba. Amma in copy ta fito kamar coffee, ko pull kamar full, ko van kamar ban, ma'ana ta sauya. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi: mutum ya naɗi muryarsa a waya, ya saurara, ya maimaita, kullum minti goma.

Abin da ya fi lafazi nauyi shi ne kunya. A wurare da yawa, matashin da ya yi Turanci cikin abokai za a ce yana iyayi, in kuma ya yi tuntuɓe a yi ta yi masa dariya har a sa masa suna. Mutane da yawa tun daga wata dariya ta aji uku na sakandare suka kama bakinsu. Ga kuma ladabin da aka rene mu da shi, na sunkuyar da kai a taƙaita amsa a gaban na gaba. Ladabi ne mai kyau a zauren gida. A ɗakin jarrabawa kuwa gajeriyar amsa ba ta ba mai dubawa abin da zai auna. In ya tambayi ra'ayi, so yake a faɗa, a kawo dalili, a ba da misali. Mutum biyu ko uku da suka yi alkawarin ba mai yi wa wani dariya, suna haɗuwa bayan la'asar da agogo a gabansu suna yi wa juna tambayoyi, sun fi samun amfani a kan zama cikin ajin lesin na mutum arba'in inda malami kaɗai ke magana.

Saurare da karatu sun fi sauƙin gyaruwa. Kowanne tambaya 40 ne, kuma wanda ya ci kimanin 30 yana wajen maki 7. A saurare sau ɗaya tak ake kunna muryar, da karin harshen Ingila da Ostareliya da Amurka, kuma kuskuren harafi ɗaya na ɓata amsa. A karatu, dogayen rubuce-rubuce uku ne cikin awa ɗaya, kuma tarkon da ya fi kama mutane shi ne tambayar da ake zaɓar gaskiya ne, ko ƙarya ne, ko ba a faɗa ba. Mai ilimi kan amsa da abin da ya sani a maimakon abin da ke takardar. Mai sauraron BBC Hausa yana da wata dabara a hannunsa: ya ji labarin farashin man fetur da Hausa da safe, ya nemi labarin nan da Turanci da rana. Rahoton hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata, da rahoton shekara na kamfanoni irin su Dangote Cement da BUA Foods, cike suke da zane da jadawali, kyauta, kuma su ne irin takardun da zai rayu da su in ya tafi.

Domin kuwa duk wannan share fage ne. A makarantar kasuwanci ta Harvard, ɗalibai kimanin 90 ne a aji, kowa ya kwana yana karanta labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, da safe malami ya kira sunan wanda ya ga dama ya ce ya buɗe muhawara. A darussa da yawa rabin makin ɗalibi daga maganarsa a aji yake fitowa. Makarantun da ba su kai nan tsanani ba ma aikin rukuni da gabatarwa a gaban aji su ne abincinsu na kullum, tare da 'yan Indiya da Sin da Brazil, kowa da irin Turancinsa. Wanda ya samu makin ta hanyar hadda zai tarar da katin nan na minti biyu yana jiransa kowace safiya, bayan iyayensa sun sayar da fili sun biya kuɗin makaranta. Ya kamata kuma a san cewa GMAT da GRE, waɗanda manyan shirye-shiryen MBA ke nema, ba gwajin harshe ba ne. Lissafi da tunani suke aunawa, shirinsu dabam, kuɗinsu dabam.

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatunsa da Faransanci, hanyar ta fi tsawo, amma ba shi da zaɓin kauce mata, tunda ko a Faransa manyan makarantu irin su INSEAD da HEC da Turanci suke koyar da MBA. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci harsunan aiki, alamar inda iska ta dosa. Kalmomin kasuwanci da yawa sun yi kama a harsunan biyu, wannan kan sauƙaƙa masa karatu. Kunne da baki ne za su ci masa lokaci. Masu Cambridge sun ƙiyasta kimanin awa 200 na koyo kafin a tashi daga wani mataki zuwa na gaba.

Inda duk aka samu matsi da tsada, 'yan damfara ba sa nisa. Facebook da WhatsApp cike suke da masu alkawarin takardar sakamako ba tare da zama jarrabawa ba, ko ƙara maki daga ciki. Jami'o'i ba takardar hannu suke dogara da ita ba, lambarta suke shigarwa a rumbun masu jarrabawar su ga hoto da maki. Ranar jarrabawa ana duba fasfo, a ɗauki hoto. Birtaniya kuma tana da tarihi a kan wannan: a 2014, bayan shirin Panorama na BBC ya tona maguɗi a wasu cibiyoyin gwajin Turanci na TOEIC, gwamnati ta soke bizar dubban ɗalibai, cikinsu har da waɗanda suka kwashe shekaru a kotu suna neman wanke kansu. Wanda aka kama da takardar bogi a neman biza, ana iya haramta masa shiga ƙasar har shekara goma.

Saura lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son fara karatu a Satumba, ya kamata tun a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabata ya zauna ya yi cikakken gwaji na ƙarya, da agogo, ba tsayawa, ya ga inda yake. In rabin maki ya rage masa, wata biyu na aiki kullum na iya isa. In maki ɗaya da rabi ne, rajista a wannan watan asarar kuɗi ce. Ya bar wa kansa sarari ko da za a maimaita. Yanzu IELTS tana ba wanda ya yi ta a kwamfuta damar sake ɓangare ɗaya kaɗai cikin kwana 60, amma sai ya tabbatar cibiyarsa tana yi, jami'arsa kuma tana karɓa. Wasu jami'o'in kan karɓi wanda ya gaza da rabin maki in zai yi kwas ɗin Turanci na makonni kafin a buɗe zango, sai dai da fam ake biyan sa. Gaggawar ma tana da nata hatsarin: wanda ya zauna jarrabawa tun kuɗin makaranta ko tallafi ba su tabbata ba, ya ɗage tafiya shekara ɗaya, ya sake ɗagewa, zai iya samun gurbin karatu a hannu a daidai watan da sakamakonsa ya cika shekara biyu.